Ruwan da bai sauko ba, ana iya auna shi?

Manomin Tibiri:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambaya gare ni zuwa ga masu ilimin meteo, wato yanayin sama, don na san akwai su a nan. Bara waccan an yi mana ruwa a tsakiyar watan Mayu, ruwa mai kyau, na tona ƙasa da hannu na tarar laima ta wuce tsawon tafina. Washegari da asuba muka fita da sungumi, ni da yara huɗu, muka zuba hatsi tiya shida a gonar tudu. Ya tsiro gwanin sha'awa. Daga nan sama ta ɗauke, kwana ashirin da wani abu ba ko ɗigo. Kullum da la'asar hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, mata su kwashe shanya, a kora awaki cikin gida, sai iska da jar ƙura, shi ke nan ya watse. Ina ji ina gani tsiron ya murɗe ya bushe, rairayi ya binne sauran. Sai da na sake sayen iri a lokacin da tiya ta yi tsada.

Ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ma'aunin ruwan da aka kafa a garinmu, ruwan da ya riga ya sauko yake faɗa mana. Wannan ko da yatsana ina iya sani. Shin akwai abin da ke auna ruwan da ke sama tun bai sauko ba? Hadarin nan da ke haɗowa yana watsewa, akwai ruwa a cikinsa ko babu?

Hajiya Mai Iri:
Wa alaikumus salam. Alhaji, ba kai kaɗai ba ne. A waccan shekarar akwai waɗanda suka zo wurina sayen iri sau uku. Na ukun da kuka suke zuwa, wasu bashi na ba su sai kaka. Ni mai sayarwa ce amma wallahi ba na son irin wannan ciniki.

Ƴar Bagalam:
Baba, ina wuni. Akwai na'urar, kuma a kan bayananta nake karatuna a Yamai. Sunanta radiyometir. In ka gan ta, farin akwati ne kamar akwatin ƙarfe na lefe, a bisa ƙafafu, da wata taga mai lanƙwasa a samansa tana kallon sama. Ba ta harba komai, ba ta aika komai, saurare kawai take yi.

Abin da take saurare shi ne wannan. Duk abin da ke da ɗumi yana fitar da wasu gajerun igiyoyin rediyo marasa ƙarfi ƙwarai: bango, ƙasa, jikin mutum, har iska. Tururin ruwan da ke cikin iska yana da wurin da muryarsa ta fi fitowa, kamar yadda kowace tashar rediyo ke da lambarta, wato a gigahaz 22.235. Ɗigon ruwan da ke cikin gajimare shi kuma ba shi da tasha guda, amma ƙararsa tana ƙaruwa in aka hau sama da lamba. Don haka mafi sauƙin na'urorin suna da kunne biyu, ɗaya a gigahaz 23.8, wanda ya fi jin tururi, ɗaya a 31.4, wanda ya fi jin ruwan gajimare. Kowane kunne yana jin duka biyun a gauraye, sai dai ba daidai ba.

Hajiya za ta fi kowa gane yadda ake raba su. In aka kawo miki buhu an gauraya hatsi da wake, aka ce tiya kaza ne a ciki gaba ɗaya, kuma kuɗinsa kaza, tunda kin san kuɗin tiyar hatsi kin san na wake, ai za ki fitar da yawan kowanne ba tare da kin kwance buhun ba. Haka kwamfutar ke yi da kunnuwan nan biyu. Ta ba ka lamba biyu: yawan tururin da ke bisa kanka daga ƙasa har ƙarshen iska, da yawan ruwan da ke cikin gajimaren da ke wucewa.

Hajiya Mai Iri:
Wannan lissafin kam kullum muna yin sa. Na gane, ɗiyata.

Mushen Sabon Gari:
Malama, da wane ma'auni ake faɗin sa? Ina koyar da ƴan aji shida, ina son abin da zan iya rubutawa a allo.

Ƴar Bagalam:
Mushe, da milimita, kamar ruwan sama. Ka ɗauka an matse duk tururin da ke bisa mita ɗaya murabba'i an mai da shi ruwa an zuba a ƙasa. Zurfin da zai yi shi ne lambar. Milimita 1 daidai take da lita 1 a mita murabba'i. A yankinmu, cikin hunturu lambar takan sauka ƙasa da milimita 10, shi ya sa leɓe ke tsagewa, kaushi ya fashe. A tsakiyar damana takan haura 40. In ka ɗauki 45, to lita 450,000 ke nan rataye bisa ekta ɗaya, ko da sama garau take ba gajimare ko ɗaya.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne ruwan gajimaren kansa kaɗan ne ƙwarai. Farin gajimaren da ke wucewa da hantsi yana iya ɗauke da giram 100 a mita murabba'i, wato kashi ɗaya cikin goma na milimita. Bai cika kofin shayi biyu ba. Gajimare alama ce kawai ta wurin da tururi ya fara komawa ɗigon ruwa. Rumbun na ainihi shi ne tururin da ido ba ya gani.

Mushen Sabon Gari:
To a nan na tsaya. In duk abin da ke sama bai wuce milimita 45 ko 50 ba, yaya ake yi ruwa ɗaya ya haura milimita 100? Kowa ya ga abin da ya faru a nan Maradi ƙarshen watan Agusta na 2024, gidajen ƙasa nawa suka faɗi, aka rasa rayuka. Kuma tsofaffi suna ba mu labarin 1945, lokacin da gulbi ya cinye tsohon garin Maradi har aka tashi aka hau tudu. Daga ina wannan ruwa?

Tsohon Ɗan Meteo:
Mushe, bari in amsa wannan, shekara talatin na yi ina karanta ma'auni kafin in ajiye aiki. Babban hadari ba ruwan da ke bisa kanka kaɗai yake zubarwa ba. Zuƙo iska mai laima yake yi daga kewaye, kilomita da yawa ta kowane gefe, ya hau da ita sama, ya matse ta a wuri guda. Kamar rufin kwano ne da indararo: ruwan rufi duka ta baki ɗaya yake sauka. Na 1945 kuwa ruwan gulbi ne, kuma gulbin Maradi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya biyo ta Jibiya da Madarunfa. Ana iya yin ruwan can, ambaliya ta same mu nan.

Yanzu in juyo gare ki, ɗiyata. Bayaninki daidai ne, ban ga kuskure ba. Amma ina so in ja hankalinki, don na ga yadda ido ke rufewa in an ga sabuwar na'ura. A 2006 Amurkawa sun kawo tashar awo mai tafi da gidanka ta shirinsu na binciken yanayi mai suna ARM suka kafa a filin jirgin Yamai, da irin wannan radiyometir a ciki, da wani ƙaramin wuri a Banizumbu. Shekarar ce ta babban aikin AMMA na binciken damanar Afirka ta Yamma. Jamusawa su ma sun kafa tasu kusa da Jugu a Benin. An yi aiki mai kyau, ban musa ba. Shekara ta cika aka naɗe kaya, tashar Amurkawan ta wuce Jamus a 2007. Dama haka aka tsara ta. Tambayata ita ce: mu da muke nan, me za mu iya riƙewa shekara ashirin? Na'urar nan kuɗinta gomomin miliyoyin sefa ne. Tana son kuran, wato wutar lantarki, dare da rana. Ana so lokaci lokaci a daidaita ta da ruwan azot, wata iska da aka mayar ruwa, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, wanda yake ƙafewa tun a hanya. Ina za ki same shi a Maradi cikin watan Afrilu? Da kuɗin guda ɗaya za a cika jihar nan da ma'aunin ruwa daga Dakoro har Gazawa, a biya masu karantawa. A wurinmu ana yin ruwa a gari, gari na gaba mai nisan kilomita 10 ƙura ke tashi. Na'ura ɗaya a Maradi me za ta faɗa wa mutumin Mayahi?

Ƴar Bagalam:
Baba, na gode, kuma ba zan yi maka gardama a kan ma'aunin ruwa ba, ana buƙatar su da yawa. Zancen azot ma gaskiya ne ga manyan na'urori irin HATPRO ta Jamus, mai kunne 14, bakwai na tururi, bakwai na zafin iska tsakanin gigahaz 51 da 58. Amma kunnuwan tururi suna iya daidaita kansu da sama. In sama garau take, na'urar takan kalli tsaye, sannan ta karkata ta kalli gefe. In ta karkata zuwa digiri 30 daga ƙasa, kaurin iskar da take ratsawa ya ninka biyu, kuma daga bambancin nan take gyara kuskurenta. Sama garau kuwa ba abin da muka fi shi, wata bakwai muke samu.

Inda nake roƙon ka duba shi ne nan. Ruwan sama yana bambanta daga gari zuwa gari, haka ne. Amma yawan tururi ba ya tsalle irin haka. In iskar damana ta cika bisa Maradi, ta cika bisa Tibiri da Gidan Rumji da Madarunfa. Don haka guda ɗaya tana yi wa yanki magana. Kuma tambayar da Baba na Tibiri ya yi, ma'aunin ruwa dubu ba za su amsa ta ba.

Tsohon Ɗan Meteo:
Muna da balan-balan mai ɗauke da na'urar awo. Yamai na sakin ta, Agadas ma. Tana hawa kusan kilomita 30 tana auna laima mataki mataki. Radiyometir ɗinki jimilla take bayarwa, in ta yi ƙoƙarin faɗin a wane tsawo laimar take, dishi-dishi take gani.

Ƴar Bagalam:
Haka ne Baba, ta wannan fuska balan-balan ta fi ta nesa ba kusa ba. Sai dai sau biyu ake sakin ta a wuni in an samu hali, kowace kuma ta tafi ke nan, kuɗi sun tafi. Daga Yamai zuwa nan ya haura kilomita 600 a hanya. Radiyometir kowane minti tana ba da lamba, dare da rana. Wadda aka kafa a Jugu ta nuna yadda a ƙarshen rani iska mai laima ke kutsowa cikin dare daga kudu, rana ta yi busasshiyar iska ta sake rinjaye. Awo biyu a wuni ba zai nuna maka wannan kai da komowa ba.

Mai Ɗaura Faranti:
Ku yi haƙuri in shigo, ni aikina ɗaura farantin tele da gyara. Abin da ƴar'uwa ta faɗa ya warware mini wani abu. In hadari ya taso, tun kafin ɗigo ya taɓa ƙasa a unguwa, sai waya ta dame ni, hoto ya daskare, hoto ya ɗauke. Ina ce musu ku jira hadari ya wuce. Farantinmu a wajen gigahaz 11 zuwa 12 yake kamawa. Ashe ruwan da ke tsakanin faranti da tauraro ne ke shanye saƙon. To ke taki na'urar ba tauraron da take kallo, me take ji?

Ƴar Bagalam:
Yaya, ka zo daidai wurin. Ƙa'ida ce ta kimiyya: abin da ke shanye igiya a wata lamba, shi ne kuma ke fitar da ita a wannan lambar. Kai kana ganin abin da ruwa ya cinye, mu muna jin abin da ruwa ya fitar. Asalin abin ma daga irin matsalarka ya fito. Lokacin yaƙin duniya na biyu an ƙera radar mai igiyar santimita 1.25, aka ga ba ta gani da nisa, ashe ta faɗa kusa da lambar tururin ruwa. Wani masani Ba'amurke, Robert Dicke, ya ƙera na'urar sauraren da ta auna wannan, ya wallafa bayaninta a 1946.

Kuma kallon sama daga ƙasa yana da wata fa'ida. Bayan iska, sararin samaniya sanyi ne ƙarara, digiri 2.7 a ma'aunin kelbin, wanda yake fara ƙirga daga ƙarshen sanyi. Duk ɗan ɗumin da na'urar ta ji sama da wannan, daga iskarmu yake. A kunnen 23.8, saman hunturu takan nuna wajen kelbin 20, ta damana ta kai 60 ko fiye. Tauraron ɗan Adam da ke kallo daga sama da irin wannan kunne, a bisa teku yana aiki da kyau, amma a bisa tudu ƙasa mai zafi tana cika masa kunne.

Mai Ɗaura Faranti:
To eriyoyin salula da suka cika gari fa, ba su dame ta?

Ƴar Bagalam:
Salula ta yau da kullum tana can ƙasa, wajen gigahaz 1 zuwa 2 da wani abu. Tsakanin 23.6 da 24 kuwa dokar duniya ta hana kowa watsa komai, an bar wa masu saurare. Rigimar da aka yi a taron Sharm el-Sheikh na Masar a 2019 ke nan, da aka ba 5G wuri daga 24.25, masana yanayi suka ce maƙwabcin ya matso da yawa. Abin da za a kiyaye a nan shi ne ƙananan farantan nan masu kama da ganga da ke haɗa eriya da eriya, kada a kafa ta a kan hanyarsu. Su ma farantan suna da amfani: a Burkina Faso an gwada auna ruwan sama da raunin da saƙonsu ke yi, aka ga yana tafiya daidai da ma'aunin ruwa.

Ɗan Dakoro:
Ni dai zan faɗi abin da mutanenmu za su faɗa, don in ba a faɗa a nan ba za a faɗa a kasuwa. In aka kafa farin akwati yana kallon sama, aka yi fari a shekarar, za a ce shi ya kori hadari. Na taɓa ganin an tumɓuke wani ƙarfen awo a daji saboda irin wannan zance. Na biyu, mu muna da alamunmu. Shamuwa ta zo. Gawo ya fara zubar da ganye. Iska ta juya ta fara busowa daga kudu maso yamma. Gishiri ya yi laushi a cikin kwano, fatar ganga ta saki, ruwan randa ya daina sanyin da yake yi a bazara. Kakanninmu ba su da akwati, kuma sun ci sun ƙoshi. Ruwa na Allah ne, in ya ga dama ya saukar.

Mushen Sabon Gari:
Ruwa na Allah ne, ba mai ja. Amma auna abin da ke nan yanzu ba shiga gaibu ba ne. Wanda ya zura guga don ya san zurfin rijiya bai ce shi ya halicci ruwan ba. Zancen tumɓuke ƙarfe kuwa gaskiya ka faɗa, kuma laifin masu kafawa ne da ba sa zama da mai gari da limami su yi bayani tun farko.

Tsohon Ɗan Meteo:
Ƙanena na Dakoro, alamun da ka lissafa ba camfi ba ne, awo ne. Gishiri da fatar ganga da randa duk laimar iska suke aunawa. Randa tana sanyi ne don ruwa na tsattsafowa ta jikinta yana ƙafewa, in iska ta jiƙa ƙafewar ta ragu, sanyin ya ragu. Mu a wurin aiki abin da muke dubawa shi ne ma'aunin raɓa, wato sanyin da iska za ta kai kafin raɓa ta kwanta. In ya haura digiri 15 kuma iska ta juya kudu maso yamma, sai mu ce layin da ke raba iskar damana da ta hunturu ya wuce mu ya yi arewa. Da Faransanci FIT muke ce masa.

To amma a nan dole in ba ɗiyata gaskiyarta, don na daɗe ina ganin abin da ya sami Alhaji. Iskar damana ba kamar bango take shigowa ba, kamar bakin gatari take, siriri a gaba, kauri a baya. Tana iya jiƙa gishirinka alhali kaurinta bai taka kara ya karya ba, a bisanta kuma busasshiyar iskar hamada ce zalla. Ruwan kirki yana baya da layin nan da ɗaruruwan kilomita. A irin wannan lokaci hadari na iya haɗuwa, ruwa ya fara zuba daga gajimare, amma ya ƙafe a hanya. Za ka ga kamar gemu yana reto a ƙarƙashin gajimaren bai taɓa ƙasa ba. Ƙafewar nan ta sanyaya iska, ta faɗo da ƙarfi, ta tayar da jar ƙurar da Alhaji ya gani. Gishiri da ma'aunina na raɓa duk a ƙasa suke, ba sa sanin kaurin.

Ƴar Bagalam:
Baba, ka faɗe shi fiye da yadda zan iya. Abin da nake ta kewaye ke nan. Lambar jimilla ita ke bambanta iskar da ta jiƙa a ƙasa kawai da wadda ta jiƙa har sama. Kuma ƙura ba ta rufe mata ido. Ƙwayar ƙura ta yi ƙanƙanta ƙwarai a kan igiyar santimita ɗaya, ratsa ta take yi. A farkon Maris na 2006 an yi wata babbar ƙura da ta rufe Yamai, na'urorin tashar nan suna aiki a cikinta, kuma bayanan shekarar duka suna nan a intanet kyauta, da su nake aiki.

In faɗi rauninta kuma, don kada a ce na ɓoye. In ruwa ya fara sauka ya jiƙa tagar, lambobin sun lalace har sai ta bushe, shi ya sa ake sa mata fanka mai hura iska mai ɗumi. Ba ta jin ƙanƙarar da ke can ƙololuwar babban hadari, ruwa kawai take ji. Siririn gajimare mai ƙasa da giram 20 ko 30 yana ɓace mata cikin kuskuren awo. Kuma bisa kanta take kallo, hadarin da ke tasowa daga wajen Damagaram ko duwatsun Ayar sai hoton tauraro ko radar.

Manomin Tibiri:
Na karanta duka, wasu wuraren sau biyu. Allah ya saka da alheri. Ɗiyata, ki ba ni amsa ɗaya ba kwana. Da akwatin nan yana Maradi a waccan shekara, da ya hana ni zuba tiya shidan nan?

Ƴar Bagalam:
Baba, ba zan ce maka i kai tsaye ba, don zai zama ƙarya. Ba ta faɗin ranar ruwa. Abin da za ta iya shi ne, bayan ruwan farkon nan, in lambar ta sake faɗuwa ta koma ta rani cikin kwana biyu, ma'aikacin meteo zai iya cewa a rediyo: wannan ruwa baƙo ne, iskar damana ba ta zauna ba tukuna. In kuwa lambar ta hau ta tsaya sama kwana da kwanaki, haɗarin ya ragu, ko da yake bai ƙare ba, don ana iya samun laima a rasa abin da zai tayar da hadari.

Ka duba ƙa'idar da aka fitar a cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai a 1988, wadda ake yawan aiki da ita: damana ta kama in bayan 1 ga Mayu an samu milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma ba a yi fashin ruwa na fiye da kwana bakwai ba cikin kwana 30 da suka biyo. Ƙa'ida ce mai kyau ga mai rubuta tarihi. Amma rabinta na biyu sai bayan wata guda ake sanin sa, kai kuwa gobe da asuba za ka yanke shawara. Wannan ramin ne nake so a cike, ko da kaɗan.

Tsohon Ɗan Meteo:
Kuma akwai hanya mai rahusa da za a fara da ita. Na'urar GPS ta musamman da aka kafa daram a wuri guda tana ba da wannan lambar ta jimillar tururi, don tururi yana jinkirta saƙon tauraro kaɗan. AMMA ta kafa irin su a Yamai da Gawo da Tumbutu da Wagadugu da Tamale da Jugu. Ba ta auna ruwan gajimare, amma ruwan sama ba ya hana ta aiki, ba ta son azot, faranti ɗaya na hasken rana ya ishe ta. In da ni ake tambaya, ita za a fara kafawa a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ko a tashar binciken noma ta Tarna, a samu yaran da za su riƙe ta su saba da lambar shekara uku. Radiyometir ta biyo baya in an ga hannun da zai share mata taga kowace safiya.

Ƴar Bagalam:
Na yarda a fara da GPS, Baba. Amma ban janye ba. Ba mu san yawan ruwan da gajimaren sararinmu ke ɗauke da shi ba sai ta awon shekara ɗaya a Yamai, kuma injinan hasashen da cibiyoyin yanayi na AGRHYMET da ACMAD a Yamai ke dubawa suna buƙatar a gwada su da awon ƙasa na nan wurin. In na gama karatu gida zan dawo, tagar kuma ni zan share.

Ɗan Dakoro:
In za a faɗa a rediyon gari da Hausa da Fulatanci da Tamashek, ba a takarda da Faransanci ba, to ina goyon baya. Makiyayi ma yana son ya san ko ya fara hawa arewa ko ya dakata.

Hajiya Mai Iri:
Alhaji, kafin akwati ya zo, bana kada ka zuba duka a ruwan farko. Ka raba biyu.

Manomin Tibiri:
Haka na yi bara, Hajiya. Rabin gonar tudu na shuka, na riƙe sauran sai da aka yi ruwa na biyu. Bana ma haka zan yi in Allah ya kai mu.

Mushen Sabon Gari:
Baba na meteo, wannan ma'aunin raɓa da ka ambata, akwai yadda yara za su auna shi a lakwal? Muna da ma'aunin zafi guda biyu a ofishin darakta.

Tsohon Ɗan Meteo:
Akwai. A samo kofin silba mai sheƙi, a zuba ruwan randa rabi, a tsoma ma'aunin zafi, a riƙa jefa ƙanƙara kaɗan kaɗan ana motsawa. Yaro ɗaya ya zuba wa bayan kofin ido, kada ya yi numfashi a kansa. Da zarar ya ga hazo ya kwanta a jikin ƙarfen, a karanta lamba. A yi a inuwa, a waje, ƙarfe bakwai na safe kullum, a rubuta a littafi guda tare da inda iska ke busowa. A watan Maris ƙila ƙanƙarar ta ƙare hazo bai fito ba, wannan ma a rubuta. Ku fara tun yanzu don yara su ga ranar da lambar za ta tsallake 15. Ranar Alhamis ina da shigowa Sabon Gari, zan biyo in nuna musu na farko. Ka tanadi ƙanƙara.